Rabon Wuta a Cikin Waya: Yadda Karnel ke Kula da Madaidaitan Wuta na Tarayya Yayin da Na'ura ke Tashi

Daga lokacin da aka danna maɓallin kunna wayar Android zuwa lokacin da fuskarta ta buɗe, daƙiƙu kaɗan ne ke wucewa. A cikin waɗannan daƙiƙu ake yanke hukunci a kan layukan wuta masu yawa da ke shimfiɗe a allon da masu gyara ke kira injin waya: wanne zai ci gaba da aiki, wanne za a kashe, wanne kuma za a rage wa ƙarfi. Idan aka yi kuskure a hukunci ɗaya, waya na iya maƙalewa a kan tambarin kamfani, ko fuskarta ta yi duhu, ko ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta.

Wannan lamari ya shafi dubban mutane a garin Bauchi ba tare da sun sani ba. Wayoyin Tecno da Infinix da itel da suka cika hannun jama'a, da na Samsung da Redmi, da yawancin na'urorin POS masu shafaffiyar fuska da ake cirar kuɗi da su a Wunti da kasuwar Muda Lawal, duk a kan Android suke aiki, Android kuwa an gina ta ne a kan karnel ɗin Linux. Wannan maƙala za ta bayyana mene ne madaidaicin wuta, me ya sa sassa da yawa ke tarayya a guda ɗaya, da kuma dalilin da ya sa lokacin tashin na'ura ya fi kowane lokaci haɗari gare shi.

Mene ne madaidaicin wuta?

Duk wanda ke da firiji ko talabijin a Bauchi ya san sitabilaiza. Wutar da kamfanin rarraba lantarki na Jos ke kawowa jihohin Bauchi da Gombe da Filato da Binuwai an tsara ta ne a kan bolt 230, amma takan faɗi ko ta haura, sai sitabilaiza ta tsaya tsakani ta miƙa wa kayan gida ƙarfin da za su iya ɗauka. Madaidaicin wuta na cikin waya irin wannan aiki yake yi, sai dai a ƙanƙance ƙwarai.

Batirin litiyam na waya yakan kai bolt 4.2 zuwa 4.4 idan ya cika, ya sauko zuwa kusan bolt 3.4 idan ya kusa ƙarewa. Ƙarfinsa ke nan ba a tsaye yake ba, kuma kusan babu wani muhimmin sashe na waya da ke shan wuta kai tsaye a wannan mataki. Ƙwaƙwalwar waya, wato furosesa, takan yi aiki ne tsakanin kusan bolt 0.6 zuwa 1.1. Ma'adanar wucin gadi samfurin LPDDR4 na buƙatar bolt 1.8 da bolt 1.1 a tare. Katin SIM na amfani da bolt 1.8 ko 3. Katin memori na amfani da kusan bolt 3.3, idon kyamara kuwa sau da yawa bolt 2.8. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai akwai madaidaicin da ke samar da shi daga batiri.

Madaidaitan iri biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne mai yanka wuta: yana buɗe hanya yana rufewa sau miliyoyi a cikin daƙiƙa, ya tace abin da ya fito ya zama ƙarfin da ake so. Asararsa kaɗan ce, don haka shi ake ba manyan masu cin wuta kamar furosesa. Na biyu shi ne mai ƙona rara: yana rage ƙarfin wuta ta hanyar mayar da abin da ya yi saura ya zama zafi. Ya fi ɓarna, amma wutarsa ta fi tsabta, shi ya sa ake haɗa shi da sassa masu saurin damuwa kamar kyamara da sashen sauti. Akan tattara waɗannan madaidaita a cikin guntu ɗaya, wanda masu gyara ke kira ai-sin wuta. A wayoyi da dama masu furosesar MediaTek akan samu irin su MT6357 da MT6358, kowanne ɗauke da madaidaita fiye da ashirin.

Me ya sa ake tarayya?

Sassan da ke buƙatar wuta a cikin waya sun fi madaidaitan da ke akwai yawa. Ƙara madaidaici ɗaya na nufin ƙarin kuɗi, da ƙarin wuri a kan allon da tuni ya cika maƙil. Saboda haka masu ƙira sukan haɗa sassa da dama a kan layi ɗaya. Layin bolt 1.8 guda na iya ciyar da fuskar waya, da sashen da ke jin taɓawar yatsa, da na'urorin auna motsi, da wani ɓangare na ma'adana.

Mazauna gidan haya a unguwanni irin su Yelwa ko Gwallameji sun san yadda wannan tsari yake. Ɗakuna shida ne, mita ɗaya. Wanda ya tashi tafiya ba shi da hurumin sauke makunnin gida gaba ɗaya don kawai ya kashe ƙwan ɗakinsa, domin maƙwabcinsa na iya kasancewa yana guga. A cikin waya ma dole a samu wanda zai riƙe littafin gida, ya san wanda ke amfani da layi da wanda ya gama. Wannan aiki na karnel ne.

Karnel da littafin ƙidayarsa

Karnel shi ne ƙwayar babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, sashen da ke magana kai tsaye da ƙarafa da wayoyin lantarki a madadin sauran manhajoji. Linus Torvalds ne ya fara rubuta karnel ɗin Linux a shekarar 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. A cikin karnel akwai ƙananan manhajoji da ake kira direbobi, kowanne da sashen da yake tuƙawa: direban fuska, direban kyamara, direban ma'adana da sauransu.

A da, kowane kamfani yakan rubuta hanyarsa ta kunna layukan wuta. A shekarar 2008, cikin fitowar Linux mai lamba 2.6.27, aka shigar da tsari na bai ɗaya na kula da madaidaita, wanda Liam Girdwood ya rubuta lokacin yana aiki da kamfanin Wolfson Microelectronics na birnin Edinbara. Shi da Mark Brown ne aka sani a matsayin masu kula da wannan sashe. A wannan shekarar ce kuma wayar Android ta farko, HTC Dream, ta shiga kasuwa.

Tsarin ya tsaya a kan ƙa'idoji uku. Ta farko ita ce ƙidaya. Duk direban da ya nemi a kunna masa layi, karnel zai ƙara ɗaya a lissafin wannan layi, idan ya ce ya gama a cire ɗaya. Ba a kashe madaidaicin sai lissafi ya koma sifili.

Ta biyu ita ce sulhu a kan ƙarfin wuta. Direba ba ya faɗin adadi ɗaya tak, yakan faɗi mafi ƙaranci da mafi yawan abin da sashensa zai iya ɗauka. Karnel sai ya duba buƙatun kowa, ya ware tazarar da duka suka yarda da ita, ya zaɓi mafi ƙarancin ƙarfi a cikinta. Idan wani ya ce bolt 0.70 zuwa 1.00, wani ya ce 0.85 zuwa 0.95, za a tsaya a 0.85. Dalilin neman ƙasa shi ne wutar da guntun lantarki ke ci wajen aiki na ƙaruwa ne daidai da ninkin ƙarfin wuta a kansa. Rage ƙarfi da kashi 10 cikin ɗari na rage wannan ci da kusan kashi 19, kuma a nan ake samun ƙarin sa'o'in batiri.

Ta uku ita ce iyaka. Karnel ba ya taɓa madaidaici sai da izinin wanda ya ƙera allon. Ana rubuta wannan izini a cikin wani fayil da ake kira bishiyar na'urori, wanda ke zayyana kowane sashe na allon, da layin da yake sha, da mafi ƙaranci da mafi yawan ƙarfin da aka halatta a kansa. Asalin wannan salo na zayyana kayan na'ura ya fito ne daga kwamfutocin kamfanin Sun da na PowerPC, ya kuma bazu a na'urori masu furosesar ARM tun daga wajen shekarar 2011.

Kafin karnel ya farka

Waɗannan ƙa'idoji suna aiki lafiya muddin kowane direba ya hallara ya faɗi buƙatarsa. Matsalar ita ce karnel ba shi ne na farkon tashi ba.

Da zarar an danna maɓalli, ai-sin wuta zai kunna wasu layuka a jere bisa tsarin da aka dasa masa tun daga masana'anta. Furosesa za ta farka ta karanta wata 'yar manhaja da ke ƙone a jikinta, wadda ba ta gogewa. Ita kuma ta ɗauko manhajar tayarwa daga ma'adana. A wayoyin MediaTek wannan aiki mataki biyu ne: na farko ya shirya ma'adanar wucin gadi, na biyu ya kunna fuska ya nuna tambarin kamfani, sannan ya ɗora karnel ya miƙa masa ragama.

Ma'ana, lokacin da karnel ya buɗe ido, ya tarar da gida ana cikin hidima. Fuska na haske, ma'adana na aiki, layuka da dama na kunne a kan ƙarfin da manhajar tayarwa ta saita. Amma littafin ƙidayarsa fari fat yake. Babu direban da ya riga ya ce yana amfani da komai, domin babu wanda ya riga ya tashi. Direbobin kuma ba sa tashi a lokaci ɗaya, kuma jerin tashinsu ba tabbatacce ba ne. Wani yana cikin jikin karnel, ya tashi nan take. Wani kuwa a ajiye yake a ma'adana a matsayin guntu na daban, sai an buɗe ma'adanar kafin a ɗauko shi. Tsakanin tashin direban farko da na ƙarshe akwai wani ɗan lokaci da lissafin karnel bai dace da gaskiyar abin da ke kan allo ba.

Hanyoyi uku da abin ke lalacewa

Hanya ta farko ita ce kashewa da wuri. A ɗauka fuska da na'urar auna motsi suna tarayya a layi ɗaya. Direban auna motsi ya riga tashi. Ya nemi a kunna layi, lissafi ya zama ɗaya. Ya duba na'urarsa ya ga lafiya, sai ya ce ya gama, tunda babu mai buƙatarsa yanzu. Lissafi ya koma sifili, karnel ya kashe madaidaicin bisa ƙa'ida. Fuskar da ke nuna tambari ta ɗauke, alhali direbanta bai ma iso ba balle ya yi magana. Babu wanda ya karya doka a nan, amma ɓarna ta auku.

Hanya ta biyu ita ce rage ƙarfi da wuri. A koma ga misalin da ya gabata: manhajar tayarwa ta bar layi a bolt 0.90 domin wani sashe da ke gudu a kansa na buƙatar aƙalla 0.85. Direban ɗaya sashen ya riga zuwa ya ce 0.70 ya ishe shi. Tunda muryarsa kaɗai karnel ya ji, sai ya sauke layin zuwa 0.70. Sashen da ke buƙatar 0.85 ya fara kuskuren lissafi, na'ura ta daskare ko ta sake tashi. Wannan ya fi na farko wuyar ganowa, domin layin bai mutu ba, kuma matsalar kan bayyana yau ta ɓace gobe gwargwadon wanda ya riga wani tashi.

Hanya ta uku ita ce sharar ƙarshe. Manhajar tayarwa takan bar wasu layuka a kunne ba tare da akwai mai buƙatarsu ba. Idan aka ƙyale su, za su yi ta shan batiri har a kashe waya. Don haka karnel yakan zagaya a ƙarshen tashi ya kashe duk madaidaicin da lissafinsa ke sifili. Idan direban wani sashe ya makara har wannan shara ta wuce, zai iso ya tarar an yanke wa sashensa wuta. Wasu sassan ana iya sake kunna su. Wasu kuwa, idan wuta ta ɗauke musu, duk saitin da manhajar tayarwa ta yi musu ya tafi.

Gaba kura ke nan, baya sayaki. A bar komai a kunne, batiri ya ƙare da wuri kuma waya ta yi zafi. A yi gaggawar kashewa, a kashe abin da ake amfani da shi.

Matakan da aka ɗauka

Mafita mafi sauƙi ita ce alamar "kullum a kunne" da mai ƙera allo zai iya sanya wa layi a cikin bishiyar na'urori. Layin da ke da ita ba a kashe shi ko da lissafi ya koma sifili. Ta dace da layin furosesa da na ma'adanar wucin gadi. Sanya ta a kan layin kyamara ko na fuska kuwa asarar batiri ce ta dindindin domin magance matsalar daƙiƙu kaɗan.

Akwai alama ta biyu, ta "an bar shi a kunne tun tashi". Tana sanar da karnel cewa manhajar tayarwa ta kunna layin, idan ma ba ta kunna ba shi ya kunna. Sai dai ba ta hana a kashe shi daga baya, saboda haka ba ta kare layin tarayya daga direban da ya kunna ya kashe.

A shekarar 2012, cikin Linux 3.4, aka shigo da tsarin jinkirta tashi, aikin Grant Likely. Direban da ya farka ya tarar madaidaicin da yake buƙata bai shirya ba zai koma bayan layi a sake kiransa daga baya. Wannan ya magance matsalar mai sha ya riga mai bayarwa tashi, amma ya ƙara sa jerin tashin direbobi ya zama abin da ba a iya hasashe.

A 2017, cikin Linux 4.10, Rafael Wysocki ya kawo hanyar ƙulla alaƙa a rubuce tsakanin na'ura mai bayarwa da na'ura mai sha, ta yadda karnel zai san wa ya dogara da wa. A 2019, cikin Linux 5.4, Mark Brown ya jinkirta sharar ƙarshe da daƙiƙa 30, domin ba direbobin da ake ɗaukowa daga ma'adana damar isowa. Matakin ya rage matsala ta uku sosai, ko da yake adadin daƙiƙun kintace ne kawai, kuma bai taɓa matsala ta farko da ta biyu ba.

Mataki mafi zurfi ya zo a farkon 2020 cikin Linux 5.5, daga Saravana Kannan na kamfanin Google. Karnel zai karanta bishiyar na'urori tun da fari ya fitar da jerin duk sassan da ke sha daga kowane mai bayarwa, tun direbobinsu ba su tashi ba. Idan na ƙarshe a jerin ya tashi, sai a aika wa mai bayarwa sanarwa cewa kowa ya hallara. Manufar ita ce mai bayarwa ya riƙe yanayin da ya gada daga manhajar tayarwa, kada ya kashe, kada ya sauka ƙasa da abin da ya tarar, har sai wannan sanarwa ta iso. Kamar rabon gado ne: ba a taɓa dukiya sai magada sun cika. Sashen karnel da ke kula da hanyoyin zirga-zirgar bayanai a cikin guntu ya rungumi wannan tsari. A ɓangaren madaidaitan wuta kuwa an daɗe ana muhawara a kansa, saboda wata tambaya mai wuya: idan direban wani sashe ba zai taɓa zuwa ba, don ba a rubuta shi ba ko ba a saka shi ba, har yaushe za a jira? Jira marar iyaka daidai yake da barin layin a kunne har abada.

Kamfanonin guntu ba su tsaya jiran ƙarshen muhawarar ba. A karnel ɗin da Qualcomm ke ba masu ƙera waya akwai mai riƙon ƙwarya, wato mai sha na jeka-na-yi-ka da ke kama layi tun farkon tashi, ya riƙe shi a kunne a kan ƙarfin da ya dace, ya saki bayan direbobin gaske sun karɓa. A babban karnel ma direban fuska na wucin gadi, wanda ke riƙe hoton da manhajar tayarwa ta bari, yana iya kama layukan da fuskar ke sha har direban dindindin ya iso.

Batun ya ƙara nauyi bayan Google ta fito da tsarin karnel na bai ɗaya ga wayoyin Android, wanda ya kankama da Android 12 a shekarar 2021 a kan Linux 5.10. A wannan tsari, jikin karnel ɗaya ne ga kowa, direbobin kowane kamfani kuwa ana ɗauko su ne a matsayin guntaye na daban. Yawan direbobin da ke makara ya ƙaru, tazarar da ke tsakanin na farko da na ƙarshe ita ma ta faɗaɗa.

Tarayyar da ta wuce karnel

Akwai layukan da ba Linux kaɗai ke da iko a kansu ba. A cikin guntun waya, sashen da ke magana da turakun sadarwa yana da tasa ƙwaƙwalwar da tasa manhajar, haka ma sashen sarrafa sauti. A guntayen Qualcomm akwai wata ƙaramar furosesa da aka keɓe domin karɓar buƙatun dukkan waɗannan ɓangarori ta haɗa su, ita ce mai magana ta ƙarshe da ai-sin wuta. Buƙatar Linux ƙuri'a ɗaya ce a cikin ƙuri'u.

Akwai kuma madaidaita biyu da aka ɗaure da juna. A guntun Exynos 5422 na Samsung, alal misali, layin furosesa da layin sassan cikin guntu ba a yarda tazarar da ke tsakaninsu ta wuce bolt 0.3 ba. Idan za a ɗaga ɗaya dole a ja ɗayan a hankali, mataki-mataki. A lokacin tashi, kafin masu sha na ɓangarorin biyu su bayyana, sauke ɗaya na iya janyo ɗayan ƙasa da abin da ake buƙata.

Abin da wannan ke nufi ga mai gyara da mai waya

Kamfanin da ya ƙera waya yakan gwada tashinta sau da yawa kafin ya fitar da ita kasuwa, don haka wayar da ke kan manhajarta ta asali ba kasafai take faɗawa cikin waɗannan ramuka ba. Inda abin ya fi shafar jama'a shi ne teburin mai gyara, a Bauchi ko a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, lokacin da ake yi wa waya filashin.

Fayil ɗin filashin ba manhajar da ido ke gani kaɗai ya ƙunsa ba. A cikinsa akwai manhajar tayarwa, da karnel, da bishiyar na'urori, kuma an ɗinka ukun ne domin allo guda takamaimai. Wayoyi biyu na iya ɗaukar suna ɗaya a kwali, alhali fuskarsu ko kyamararsu ko ma'adanarsu daga masana'antu daban-daban suka fito. Idan aka ɗora wa waya fayil ɗin da ba nata ba, bishiyar na'urorin za ta ba karnel labarin allon da ba shi ne a gabansa ba. Zai iya kashe layin da ake buƙata domin a takardarsa babu mai sha, ko ya saita ƙarfin da bai dace ba. Shi ya sa ake duba cikakkiyar lambar samfuri da lambar fitowar manhaja kafin a fara, a kuma guji haɗa manhajar tayarwa ta wata fitowa da karnel na wata.

Lokacin da matsala ke bayyana shi ma shaida ne. Wayar da ba ta nuna komai ko kaɗan, ba ta ko motsi, matsalarta ta riga karnel: batiri, ko ai-sin wuta, ko manhajar tayarwa. Wayar da ta nuna tambari da kyau sannan fuska ta ɗauke a daidai wuri ɗaya kowane lokaci ta riga ta tabbatar da cewa fuskar da layinta suna iya aiki, domin sun yi aiki a hannun manhajar tayarwa. Idan hakan ya fara ne bayan filashin ko sabunta manhaja, hankali ya fi karkata ga manhajar. Wannan ba hukunci ne na ƙarshe ba, domin batirin da ya gaji kan faɗi a daidai lokacin da karnel ya tayar da dukkan sassan furosesa, ma'adanar da ta lalace ma kan tsayar da waya a kan tambari. Amma mai gyaran da ya auna layukan wuta da mita kafin tambari da bayansa zai ga ko wani layi na mutuwa a daidai wannan gaɓa. Wannan awo ya fi arha a kan ɗaga ai-sin wuta da iska mai zafi, aikin da kan ci kuɗin mai waya, wani lokaci ya lalata allon da lafiyarsa ƙalau.

Ga mai waya, abin kiyayewa shi ne filashin yakan goge duk abin da ke ciki, hotuna da lambobi da saƙonni. Ya kamata a adana su a wani wuri tun waya na da lafiya, kuma kada a fara sabunta manhaja da batirin da ya kusa ƙarewa.

Ƙofa ga masu neman ilimi

Karnel ɗin Linux buɗaɗɗe ne, an sake shi a ƙarƙashin lasisin GPL, kowa na iya sauke rubutunsa kyauta ya karanta, har da sashen madaidaitan wuta da bishiyoyin na'urori na ɗaruruwan alluna. Ɗaliban injiniyan lantarki da na kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, wadda aka kafa a 1979, suna iya gwada duk abin da aka bayyana a nan a kan ƙaramin allon kwamfuta mai furosesar ARM. Karnel yana da wani shafin bincike da ke jera kowane madaidaici da ƙarfinsa da lissafin masu amfani da shi. Ɗalibi zai iya cire alamar "kullum a kunne" daga wani layi a bishiyar na'urori, ya sake tayar da allon, ya duba agogo ya ga abin da zai faru da layin bayan daƙiƙa 30. Wannan ilimi ne da ake buƙata wajen ƙera mitar lantarki, da na'urar sarrafa wutar sola, da na'urorin asibiti masu aiki da batiri, domin duk wadda ke tafiya a kan Linux a cikinsu tana bi ta waɗannan matakai a duk lokacin da aka kunna ta.